Ranar da Fijon Baffa ta kai lefe Zariya

A gidanmu akwai maganganu biyu da ba a ja da Baffa a kansu, wato tarihin zuriya da lafiyar motarsa Fijo 504. A ta farkon yakan ɗan saurara idan Gwaggo ta gyara masa sunan wata kaka. A ta biyun kuwa ko sarkin makanikai bai isa ya ce uffan ba. Duk baƙon da ya yi gangancin tambayar shekarunta, to ya nemi wurin zama. Baffa zai faro masa daga Faransa, inda aka fito da 504 a 1968, ya ce a 1969 ita aka zaɓa motar shekara a Turai, a 1975 ta lashe tseren Safari a Kenya, kuma a shekarar ce aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna. Zai tuna masa mulkin soja na Janar Obasanjo, lokacin da manyan gwamnati suka koma hawan 504, da yadda wagon ɗinta ta riƙe tashoshin mota, a-kori-kurarta ta riƙe kasuwannin ƙauye. Faransa ta daina ƙera salun ɗin tun 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Sannan ya rufe da cewa tsohuwar zuma da ita ake magani.

Duk gaskiya ne. Abin da ba ya shiga huɗubar shi ne, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tsohuwar zumar ba ta wuce masallacin Juma'a. Sauran kwanaki tana gindin darbejiya, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta. Allurar mai kuwa ta tare a kan ja, domin Baffa ba ya zuba mata fiye da abin da zai kai shi ya dawo da shi.

Da aka tsayar da ranar kai lefen ƙanena Zariya, an tanadi motoci na zamani masu sanyi. Sai Baffa ya aiko a kira ni. Ya ce babu lefen da aka taɓa kaiwa a zuriyar nan ba Fijo a gaba, kuma ba a kan wannan za a fara ba. Ni zan tuƙa, shi zai zauna gaba, don ba ya barin ta ta fita gari ba shi. Gwaggo da wata yayarmu za su zauna baya. Akwatuna suna sauran motocin, amma makullansu duka suna ƙulle a haɓar zanin Gwaggo, domin ita ce shugabar tafiya, kuma ba ta yarda da kowa ba.

Muka cika tanki, abin da ya sa yaron gidan mai ya leƙo ya sake tambaya ko ya ji daidai. Muka bar Na'ibawa da hantsi. Gaskiya motar ta burge ni. Kujera mai laushi, ramuka tana shanye su ba ƙara, Baffa yana ɗaga wa mutane hannu ko bai san su ba. Da muka wuce Kura hanya ta miƙe, na ɗan taka totur. Nan ta fara. Ta fizga, ta saki, ta sake fizga. Na ƙara taka totur, ita kuma ta ƙara yin sanyi, gudu yana raguwa a hankali har na gangara gefen titi ta mutu.

"Me ka taɓa mata?" in ji Baffa.

"Wallahi Baffa totur kawai na taka."

"To ai shi ne. Ba ta son garaje."

Sauran motocin suka wuce suna mana hon, a zatonsu fitsari muka tsaya yi. Muka buɗe bonet muka tsaya muna kallon inji, shi ma yana kallonmu. Bayan 'yan mintoci na murɗa makulli, ta ɗan ja kik, ta tashi lafiya lau, silo ɗinta sumul. Baffa ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ka gani? Hutawa take so."

Ba mu yi nisa ba ta sake son hutawa.

Bakaniken farko matashi ne, ya iso a guje da sifana ɗaya a aljihun baya. Kafin na gama bayani ya yanke hukunci: fulogi ne. Ya kwance su, ya nuna mana bakinsu da ya yi fari fat, ya ce sun ƙone. Aka sa sababbi. Kafin ya gama ɗaurawa motar ta huta, don haka murɗawa ɗaya ta tashi. Ya karɓi kuɗinsa yana cewa, "Alhaji, har Legas ma sai ku je." Ciromawa muka kai.

Na biyun ya fi shi natsuwa. Ya ɗora hannu a kan kwayil ya janye da sauri, ya ce zafi take ɗauka. Ya sayi ruwan leda ya jiƙa tsumma ya naɗe ta, ya naɗe famfon mai da wani tsumman, ya ce idan zafi ya yi yawa fetur yana tafasa a cikin bututu ya zama tururi, famfo kuma ba ya iya tura tururi. Wannan ma gaskiya ne, yana faruwa ga tsofaffin motoci, musamman a cunkoso da tsakar rana. Sai dai mu ba a cunkoso muke ba, iska na kaɗa injin ta ko'ina. Duk da haka ya sayar mana da wata kwayil, don rigakafi. Motar ta huta, ta tashi, ya karɓi kuɗi, ya yi mana addu'a.

A tsayawa ta gaba Gwaggo ta karɓi ragamar bincike. Ta ce ruwa ba ya tsami banza. Mota lafiyayya, ta tashi a gida, ta tashi a gidan mai, sai da aka nufi gidan surukai za ta riƙa durƙushewa? Akwai hannu a ciki. Ta lissafo mutum uku da ba sa son auren, biyu daga ciki suna cikin motocin da suka wuce mu. Ta fito ta zagaya motar tana tofa addu'a a kowace taya, ta sa na buɗe but ta tofa wa safaya. Kafin ta gama zagayen motar ta huta. Na murɗa, ta tashi. Gwaggo ta koma mazauninta ba ta ce komai ba, amma kallon da ta yi wa Baffa ta madubi ya isa jawabi.

Wayar yayarmu kuwa ba ta daina ƙara ba. Mutanenmu sun isa Zariya tuntuni. An shimfiɗa tabarmi, dangin amarya sun cika tsakar gida, an jera akwatuna, an kawo lemo da cincin, an gaisa, an sake gaisawa, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har an fara tambayar maƙwabta. Babu makulli. Wata daga dangin amarya har ta tambaya, cikin raha irin wadda ba raha ba ce, ko dai akwatunan na ado ne.

Bakanike na uku shi ne gwanin kafireta. Ya kwance ta a kan buhun siminti a bakin titi, ya wargaza ta ɗaiɗai, ya wanke da fetur ɗinmu, yana ɗaukar kowane jet yana busawa yana ɗaga shi sama yana leƙen rana ta cikin hujin. Wata tirela ta wuce da iskarta, wani ɗan ƙaramin sukuru ya bar buhun ya shiga yashi. Ni da Baffa da babbar rigarsa da yaran unguwa muka durƙusa muna tankaɗe ƙasa da yatsu. Wani almajiri ne ya tsinto shi, ya kuma ƙi bayarwa sai da aka yi ciniki. Aka mayar da kafireta, mota ta huta hutu mai tsawo, ta tashi, ta kai mu Kwanar Dangora, ta sake kwantawa daidai gaban wata rumfa.

A rumfar akwai wani dattijo yana cin rake. Bai taso ba. Ya bar mu muka gama buɗe bonet da tsaki, sannan ya yafito ni.

"Samari, farat ɗaya take ɗaukewa, ko sai ta yi ta fizga tukuna?"

"Sai ta yi ta fizga, Baba."

"A silo tana mutuwa?"

"A'a, sai na ba ta wuta."

"In ta huta sai ta tashi?"

"Kowane lokaci."

Ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Yunwa take ji."

Baffa ya harzuƙa. "Malam, tankin nan a cike yake. Ni na biya."

"Alhaji, abinci a rumbu daban, abinci a ciki daban."

Ya taso ya cire murfin iska, ya leƙa maƙogwaron kafireta, ya ja totur da hannu. Ya ce in zo in gani. A lafiyayyar kafireta, in ka ja totur za ka ga siririn fetur ya tsarto ciki. Tamu ko ɗigo. Ya ce a cikin kafireta akwai ɗan kofi da mai ke taruwa, da fulot mai rufe hanya idan ya cika. A silo inji kurɓa kawai yake yi, ko mai na zuwa da ɗigo-ɗigo kofin ba zai ƙafe ba. Amma da an hau titi an taka totur, abin da ake sha ya fi abin da ke shigowa, kofi ya ƙafe, mota ta fara fizga har ta mutu. Matsalar wuta yawanci ɗaukewa take yi lokaci guda. Farin da bakin fuloginmu ya yi ma shaida ce ta ƙarancin mai, ba laifinsu ba ne. Na tuna tsofaffin fulogin da muka bari a hannun matashin can, lafiyarsu ƙalau, wataƙila har sun sami sabon gida.

"Mai tasha biyar yake bi," in ji shi. "Tanki, bututu, filta, famfo, kafireta. Kun fara daga wadda ba ta kan hanyar ma. Yanzu za mu bi su da baya-baya."

Ya zare wayar da ke kai wa kwayil wuta don kada tartsatsi ya tashi, ya kori wani mai sigari da ya matso kallo, ya cire tiyon da ke shiga kafireta ya zura shi a cikin gorar ruwa, ya ce in ja kik. Famfo mai lafiya bul-bul yake tofarwa, kowane bugu da nasa. Namu ya yi tari ya zubo da ɗan abin da bai rufe gindin gorar ba, launinsa ja-ja. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya shinshina. Ya ce famfon Fijo ba na lantarki ba ne, injin ne ke motsa shi, a cikinsa akwai fatar roba mai sama da ƙasa. In ta yage fetur yakan zurara cikin baƙin mai, sai ka ji warinsa a sandar. Tamu ba wari. Ya ƙara da cewa irin wannan famfo ƙarfinsa kaɗan ne in aka gwada da na motocin injekta, don haka ɗan toshewa ko ɗan tsagewar tiyo da ke shaƙar iska ya isa ya kayar da shi.

Sannan ya kai hannu can ƙasa kafin famfo, ya ciro wani abu da na ɗauka dunƙulen laka ne. Ya goge shi da tsumma sai ga 'yar filtar roba, wadda a zamanin ƙuruciyarta ana hango mai ta cikinta. Ya sa baki ya busa. Kumatunsa suka kumbura, idanunsa suka firfito, iska ta ƙi wucewa. Ya juya ta ya bubbuga a tafin hannunsa ta ɓangaren da mai ke shiga. Jan gari ya zubo, da ɓarɓashin tsatsa, da wani ɗigo da ya dunƙule ya ƙi haɗuwa da fetur.

"Wannan ruwa ne. Wannan kuma tankinka ne, Alhaji, yake narkewa."

Ya bayyana cewa tankin ƙarfe da ke wuni ya kwana babu mai, iska ce ke cika shi, iskar kuma da danshinta. Da sanyin dare danshin ya zama raɓa a bangon tanki, ruwan ya gangara ƙasa tunda ya fi fetur nauyi, tsatsa ta kama. Yau da muka cika tanki muka hau ramuka, mun wanke bangon ne muka aika wa filta. In mota na gudu famfo yana zuƙa, dattin ya manne ya toshe. In ta mutu zuƙa ta tsaya, wani ya saki, ɗan mai ya samu hanya. Hutun da kowa ya ci kuɗinsa ke nan.

"Yaushe rabon da a canja ta?" ya tambaya.

Baffa ya ce, "Canja ta ake yi?"

Yaron dattijon ya kawo sabuwa. A duk abin da muka saya ranar ita ce mafi arha. Dattijon ya nuna mini kibiyar da ke jikinta, ya ce kullum kibiyar ta kalli inji. Na ja kik, gora ta fara cika. Baffa ya zaro kuɗi, dattijon ya ce a dakata, bai yarda da jan man nan ba. Ya hau babur ɗinsa, ya goya yaronsa, ya ce mu je yana biye.

Muka tafi cikin nasara. Gwaggo ta ce addu'arta ce ta haɗa mu da mutumin. Baffa ya koma ɗaga wa mutane hannu. Gab da Tashar Yari, Fijo ta fizga.

Shirun da ya biyo baya ya fi mutuwar injin nauyi. Dattijon ya faka a bayanmu ba alamar mamaki. Ya duba sabuwar filta, tana nan tas, sai dai babu mai a cikinta. Ya zaga baya ya kara kunne ya buɗe murfin tanki a hankali. Ya ce in hanyar shaƙar iskar tanki ta toshe, famfo yana zuƙa iska ba ta maye gurbi, har mai ya ƙi fita, kuma da ka buɗe murfi za ka ji ya ja iska fuuu. Namu bai ce komai ba. Ya cire tiyon da ya taho daga tanki, ya sa yaronsa ya busa da ƙarfi, ni kuma na kara kunne a bakin tanki. Da farko shiru, can sai na ji ɓul-ɓul. Mai ya dawo. Ya ce to, akwai abin da ke yawo a cikin tankin nan, in famfo ya zuƙa sai ya zo ya rufe bakin bututu, in an saki ya koma yawonsa. Sai an sauke tanki, kuma ba aikin bakin titi ba ne.

La'asar ta yi. Daga Zariya an aiko cewa wani ƙanen amarya ya kawo shawarar a kira mai gyaran kwaɗo.

Dattijon ya ce akwai dabara, ba ya son ta, amma za ta kai mu. Ya zuƙo mai daga tanki ya cika galan, ya zura dogon tiyo a ciki, ya toshe bakin da tsumma, ya bi da tiyon ta taga ya shiga ƙarƙashin bonet ya haɗa da filta. Da famfon ne ya mutu, in ji shi, sai an ɗaure galan a kan rufi mai ya gangaro da kansa. Tunda famfo na da rai, mutum ɗaya kawai ake bukata ya rungume galan kada ya tuntsure. Duk muka kalli kujerar gaba.

Haka muka shiga Zariya ta Kwangila, gilasai duk a sauke, Baffa da babbar rigar shadda da hula zanna yana rungume da galan, tiyo ya fita ta taga. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Yaya, sai ka ce majinyaciyar da aka sa wa ƙarin ruwa, kai ne ƙarfen ratayawa." Bai amsa ba. 'Yan acaɓa suna jerawa da mu suna tambaya ko na sayarwa ne.

Muna tsayawa a ƙofar gidan, guɗa ta tashi. Mata suka fito tarbar shugabar tafiya, a gabansu wata baiwar Allah ɗauke da kaskon turaren wuta, garwashi jajur, ta nufo taga wurin Baffa don girmamawa. Ban san ina da murya irin wannan ba. Na kurma ihu, "Hajiya, koma! Koma da wutar nan!" Mai kasko ta juya da gudu, masu guɗa suka bi ta ba su san dalili ba, yara suka watse, wata tsohuwa tana salati tana tambaya ko ɓarayi ne. Surukan da muka zo nema wa ƙanena mutunci a wurinsu, farkon abin da suka ji daga bakin danginsa ke nan.

Gwaggo ta sauko a natse, ta gyara mayafi, ta kwance haɓar zani, ta shiga. An buɗe akwatuna bayan magariba, kaya sun yi kyau, an yaba, an ba da tukwici. An ce dai har aka watse ana jin warin fetur a ɗakin, kuma babu wadda ta sake kunna turare.

Washegari aka sauke tankin a wani gareji. Aka juye sauran mai a bokiti, ruwa ya kwanta a ƙasa, tsatsa ta biyo. Da aka girgiza aka zura waya ta ramin gejin mai, sai ga wata tsohuwar farar leda ta fito, ta yi laushi, girmanta ya kai tafin hannu. Baffa ya ce aikin maƙiya ne. Gwaggo, wadda jiya ita ce mai wannan ra'ayi, ta ce a'a, ta tuna wata shekara da aka yi wahalar mai aka sace murfin tankin a layi, wani mutum ya yi wata da watanni yana toshe bakin da leda da kyauron roba. Baffa ya ce bai san wannan mutumin ba. Aka wanke tanki, aka shanya, aka canja tiyoyin roba da suka tsattsage, aka sake sa wata filtar. Fijo ta dawo da mu Kano ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, kuma tun daga ranar huɗubar Baffa ta sami ƙarin babi: motar da ta kai lefe Zariya da leda a cikinta.

Mai karatu, in kana da tsohuwar mota mai kafireta, Fijo ce ko Bitil ko Datsun, ka ga tana silo lafiya, tana fizga in ka ba ta wuta, tana tashi in ta huta, kada ka fara da sayen kaya. Leƙa kafireta ka ga ko mai na tsartowa, gwada famfo da gora, busa filta, saurari murfin tanki, sannan ka bi bututu har tankin. Kada ka bar tanki yana kwana a bushe, ka ajiye filta ɗaya a cikin mota, ka kuma yi duk wannan kafin ranar biki, don ba a fafe gora ranar tafiya. Dabarar galan kuwa, mun yi ta mun tsira, amma ban ba ka shawara ba. In kuma makullan lefe suna hannun gwaggonka, ka sa ta a motar da ta fi kowace lafiya.